Shin sayar da ƙidayayyun kwafin masu zane zai iya riƙe zauren baje koli wanda ba na riba ba?

Ma'ajin Zaure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin kwamitin amintattu na wani ƙaramin zauren baje kolin zane-zanen wannan zamani, wanda ba don neman riba aka kafa shi ba, kuma littafin kuɗinsa yana hannuna. Shiga zaurenmu kyauta ne, kuma ba ma sayar da abin da muka rataya a bango. Matsalarmu ita ce, kusan duk tallafin da muke samu yana zuwa ne ɗaure da sharaɗi: a kashe shi a kan baje koli kaza ko horon ɗalibai kaza, amma ba a yarda a taɓa shi don biyan haya, ko wutar lantarki, ko albashin mai tsaron ƙofa ba. An kawo shawara a zamanmu na baya cewa mu roƙi masu zanen da suka taɓa baje ayyukansu a wurinmu, kowannensu ya yi mana aiki guda wanda za a buga kwafinsa ƙidayayye, talatin ko hamsin, ya sa hannu a kan kowane ɗaya, mu sayar mu riƙa biyan waɗannan buƙatu. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: wannan hanya tana iya ɗaukar nauyin zaure, ko kuwa wani sabon nauyi ne za mu ɗora wa kanmu?

Mai Tsara Baje Koli:
Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji. Hanyar da kuke tunani tsohuwa ce, kuma an gwada ta sosai. A Jamus akwai ƙungiyoyin masoya zane da ake kira Kunstverein, waɗanda mambobi ne ke riƙe da su, ba gwamnati ba. Na birnin Hambog an kafa shi tun 1817. Tun ƙarni na 19 suke da al'adar fitar da bugaggen zane ga mambobinsu duk shekara, kuma har yau a ƙarshen kowace shekara suna fitar da ayyukan da mambobi ke saya a farashi mai sauƙi, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya da aljihun mai zanen.

A Landan ma haka abin yake. Zauren Whitechapel, wanda aka buɗe a 1901, yana da sashe guda na sayar da irin waɗannan kwafi, kuma shi da wasu zauruka irinsa, kamar Chisenhale da Serpentine da South London Gallery da Studio Voltaire, sun haɗa kai a ƙarƙashin sunan Allied Editions, suna kama rumfa ɗaya a kasuwar zane ta Frieze maimakon kowa ya kama tasa. Amfanin wannan kuɗi ya ƙara fitowa fili a watan Nuwamba na 2022, lokacin da hukumar da ke raba tallafin al'adu a Ingila ta karkatar da wani kaso daga Landan zuwa sauran yankuna, zauruka da dama suka wayi gari an rage musu abin da suka saba samu.

Amma zan faɗa maka gaskiya, kada ka ɗauka wannan hanya kaɗai za ta riƙe ku. Mujallar Parkett ta birnin Zurik ta fara fitowa a 1984, kuma kowace fitowa tana tare da ƙidayayyun ayyuka na manyan masu zanen duniya, waɗanda kowa ke rububin saye. Duk da haka ta daina fitowa a takarda a 2017. Idan mai irin waɗannan sunaye bai tsira da wannan hanya kaɗai ba, ƙaramin zaure sai ya yi lissafinsa da kyau.

Mai Bugu:
Ni sana'ata ke nan, saboda haka bari in bayyana yadda aikin yake tafiya a hannu, domin yawancin masu kawo wannan shawara suna zaton za a ɗauki hoton zane ne kawai a tura wa na'ura. Akwai masu yin haka, amma wanda ya san zane ba ya ba irin wannan daraja sosai. Aikin da ake nema shi ne wanda mai zanen ya yi shi tun farko don a buga shi: ya zana a kan dutse, ko ya karce farantin jan ƙarfe, ko ya sassaƙa katako, ko a yi bugun da ake tura tawada ta cikin ƙyallen siliki. A yawancin waɗannan, kowane launi bugunsa daban ne. Idan zane yana da launi takwas, kowace takarda sai ta shiga ƙarƙashin hannuna sau takwas, ana jira ta bushe tsakanin kowane biyu, kuma idan ta goce da faɗin gashi guda a launi na bakwai, wannan takardar ta lalace ke nan. Shi ya sa kwafi hamsin ba takarda hamsin ake saya masa ba.

Kafin a fara bugun gaske, sai mun yi ta gwaji ni da mai zanen, yana cewa a ƙara duhu a nan, a rage ja a can, har mu kai ga wanda ya gamsu da shi. Wannan sai ya rubuta masa B.A.T., wato "an amince a buga", ya sa hannu, ni kuma in rataye shi a gabana, duk kwafin da zai fito sai ya yi daidai da shi. Idan an gama, mai zanen ya zauna da fensir, ba biro ba, ya rubuta lamba a ƙasa ta hagu, misali 7/50, ya sa hannu ta dama. Bayan hamsin ɗin akwai wasu 'yan kaɗan da ake rubuta wa A.P., rabon mai zanen ke nan, kuma bisa al'ada ba sa wuce kashi goma cikin ɗari na adadin; mai bugu ma yana da nasa ɗaya ko biyu. Daga nan sai a soke farantin, a ja masa layi ko a huda shi, don kada wani ya sake bugawa a ɓoye.

Abin da nake so Malam Ma'aji ya riƙe shi ne, duk wannan aiki ana biyan kuɗinsa ne kafin a sayar da kwafi ko ɗaya.

Akanta:
Wannan jimla ta ƙarshe ita ce jigon maganar a wajena. Bari in kawo misali na lissafi kawai, ba na wani zaure ba. A ce kun buga hamsin, kuma kuɗin takarda da tawada da ladan mai bugu da ɗaukar hoto da kwalin aikawa sun cinye farashin kwafi goma sha biyu. To, sai kun sayar da goma sha biyu kafin jarinku ya dawo, kuma idan kun yi yarjejeniyar raba riba da mai zanen, abin da ya biyo baya rabi ne naku. Wanda ya lissafa farashi sau hamsin ya rubuta a kasafin shekara ya yaudari kwamitinsa, domin ba kasafai ake sayar da duka a shekara guda ba. Wasu ayyukan sukan ƙare cikin mako, wasu kuma su yi kwantai na shekaru a cikin aljihun tebur, suna buƙatar wuri marar danshi da inshora da wanda zai riƙa duba su.

Akwai dabarar da zauruka da yawa ke amfani da ita, wato ƙara farashi mataki-mataki: goma na farko a farashi mai sauƙi, goma na biye a ɗan ɗaga, haka har na ƙarshe. Wannan yana sa masu niyyar saye su gaggauta, jarin ya dawo da wuri. Sannan ina ba da shawarar a tallata aikin ga mambobi da tsofaffin masu saye kafin a buga, a karɓi kuɗin kafin alƙalami.

Batun haraji kuma ya danganta da ƙasar da kuke. Kasancewar ƙungiya ba ta riba ba ce bai wanke cinikinta daga haraji kai tsaye ba. A Birtaniya ƙungiyoyin agaji da yawa sukan buɗe wani kamfani na daban ya riƙa yin cinikin, sannan ya miƙa ribarsa ga uwar ƙungiya. A Amurka kuwa ana duba ko cinikin yana da alaƙa da manufar da aka kafa ƙungiyar a kanta. Idan ba shi da ita, ana biyan haraji a kan ribar. Ku tambayi masanin dokar wurinku tun kafin ku buga rasit na farko.

Malama Mai Zane:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na lura cewa an yi lissafin takarda da tawada da inshora, amma ba a tsaya a kan wanda zai yi zanen ba. Ina roƙon Malam Ma'aji ya sake karanta kalmar da ya yi amfani da ita: "mu roƙi masu zanen". Mu ne kullum ake roƙa. Makarantar da na gama ta roƙe ni, zauren da ya fara nuna aikina ya roƙe ni, ƙungiyar agaji mai shirya gwanjo ta roƙe ni, kuma kowannensu yana da hujja mai kyau, kuma kowannensu na ji nauyin in ce a'a. Mai gyaran wuta ba a roƙonsa ya yi aiki kyauta don zauren ba na riba ba ne, mai gidan haya ma haka, sai mai zane, wanda sau da yawa shi ne mafi ƙarancin samu a cikinsu duka.

Abin da ya fi damuna shi ne, roƙon ba tsakanin tsara da tsara yake ba. Wanda ke roƙona shi ne mai ikon ba ni bango ko hana ni a shekara mai zuwa. Ko bai faɗa ba, ni na san haka, shi ma ya sani.

A Amurka, tun bayan gyaran dokar haraji na 1969, mai zanen da ya ba da aikinsa kyauta ga gidan tarihi ko ƙungiyar agaji ba ya iya cire komai daga harajinsa sai kuɗin kayan da ya yi aikin da su, alhali attajirin da ya sayi wannan aikin ya bayar yana iya cire darajarsa ta kasuwa. Irin wannan rashin daidaito ne ya sa wasu masu zane suka kafa ƙungiyar W.A.G.E. a Niyok a 2008, suna neman zaurukan da ba na riba ba su riƙa biyan masu zane ladan aikinsu. Ba na adawa da sayar da kwafi, na yi shi kuma zan sake yi. Abin da nake adawa da shi shi ne a gina kasafin zaure a kan kunyar masu zane.

Ma'ajin Zaure:
Malama, maganarki ta shige ni, kuma zan kai ta gaban kwamiti yadda kika faɗe ta. Wane tsari ne ke, a matsayinki na mai zane, za ki karɓa da daɗin rai?

Malama Mai Zane:
Zauren ya ɗauki duk kuɗin bugu, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Bayan jari ya dawo, a raba abin da ya rage, kuma a rubuta kason kowa a takarda tun kafin in taɓa faranti. A ba ni kwafina na A.P., a riƙa aiko mini da bayanin abin da aka sayar ko da sau biyu ne a shekara. Idan na ga dama na yafe kasona, wannan kyauta ce daga gare ni, kuma ina so ta fito daga bakina, ba a rubuto mini ita a cikin wasiƙar gayyata ba. Sannan kada a haɗa maganar kwafi da maganar baje koli a zama ɗaya; a gama baje kolin, a biya ni ladansa, daga baya a zo da ɗaya maganar.

Mai Tara Zane:
Ni ta ɓangaren masu saye nake, kuma na fara tara zane ne da irin waɗannan kwafi, domin su ne abin da aljihuna ya iya ɗauka. Abin da nake biya wa kuɗi abu biyu ne: son aikin, da kuma amanar cewa lambar da ke ƙasan takardar gaskiya ce. Idan an rubuta hamsin, to hamsin ne, ba za a sake fito da wasu hamsin a wani launi ko wani girma bayan shekara biyu don an ga kasuwa ta karɓa ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, har kotu ta kai. A 2012 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wasu sababbin manyan bugu na hotunan mai ɗaukar hoto William Eggleston a kan dala miliyan 5.9, hotunan da tun da can an fitar da su a ƙidayayyen adadi a ƙaramin girma. Wani mai tara hotunansa ya kai ƙara cewa an rage darajar nasa, amma a 2013 kotu ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa sababbin sun bambanta da na farko a girma da hanyar bugu. Doka ta ba mai hoton gaskiya, amma masu saye da yawa sun koyi cewa dole ne su riƙa tambaya. Jihar Kalifoniya tun 1970, da jihar Niyok tun 1981, suna da dokokin da suka wajabta wa mai sayar da bugaggen zane ya bayyana adadin da aka buga da yadda aka buga shi. Ko babu irin wannan doka a wurinku, ku ba kowane mai saye takardar shaida mai ɗauke da adadin duka, har da na A.P., da sunan maɗaba'a, da shekara, da abin da aka yi da farantin. Ƙaramin zaure ba shi da wata kadara da ta wuce sunansa.

Mai Tsara Baje Koli:
Akwai wani haɗari da ba a ambata ba, kuma shi ne wanda ya fi hana ni barci a wannan aiki. Kwafin da ke ƙarewa da wuri na masu suna ne, kuma na masu aikin da ke da kyau a bangon falo. Amma dalilin da ya sa ake kafa zaure irin naku shi ne a ba da wuri ga abin da kasuwa ba ta riga ta karɓa ba: matashin da ba a san shi ba, mai aikin bidiyo, mai aikin sauti, mai gina abu a tsakiyar ɗaki wanda za a rushe bayan wata biyu. Ranar da aka zauna zaɓen wanda za a gayyata baje koli, wani a teburin ya ce "wannan kwafinsa zai sayu", to daga ranar kanti ya fara tsara wa zaure shirinsa, kuma ba wanda zai lura domin a hankali abin yake shigowa. Shawarata ita ce, wanda ke kula da ciniki kada ya kasance yana da ƙuri'a a zaɓen baje koli. A gama tsara shirin shekara tukuna, sannan a duba wa za a tuntuɓa.

Ɗalibin Zane:
Ina neman afuwar manya, ina da tambaya. Me ya sa dole sai an ƙayyade adadin? A darasinmu mun karanta cewa mai zanen Jamus Joseph Beuys ya fitar da wani ƙaramin akwatin katako a 1968, ana sayar da shi mark takwas na kuɗin Jamus, kuma an yi kusan dubu goma sha biyu, domin burinsa shi ne aikin ya shiga gidajen talakawa. A 2020 ma, lokacin annobar korona, gidauniyar Between Bridges ta Wolfgang Tillmans ta tara masu zane fiye da hamsin suka yi fastoci, aka buga aka raba wa wuraren al'adu da ke cikin matsi kyauta, su kuma suka sayar da kowanne a kan yuro hamsin. Idan zauren na jama'a ne, ba wannan ne ya fi dacewa da manufarsa ba, maimakon kwafi talatin da masu hali kaɗai za su saya?

Akanta:
Tambayarka tana da kyau, ɗan'uwa. Bambancin yana wajen yawan masu saye. Abu mai araha sai an sayar da shi da yawa kafin ya biya haya, kuma kowane ɗaya sai an naɗe shi, an kai shi gidan waya, an amsa wasiƙar wanda nasa ya iso a lanƙwashe. Aikin aika fasta guda daidai yake da aikin aika kwafi mai tsada guda. A misalin 2020 da ka kawo, gidauniyar ce ta ɗauki kuɗin bugu, kuma sunayen da ke ciki sanannu ne a duniya. Zauren da ma'aikatansa ba su wuce uku ba zai iya yin duka biyun, amma ya san cewa mai arahar don jama'a yake yinsa, mai tsadar kuma don haya.

Mai Bugu:
Ina goyon bayan a yi duka biyun, kuma ina ƙara wa ɗalibinmu da cewa a wasu hanyoyin bugu ƙayyade adadi ba dabarar kasuwa ba ce kawai. Farantin da aka karce da tsinin ƙarfe kai tsaye yana lalacewa da matsi, bayan 'yan kwafi kaɗan layukan sun fara dushewa, dole a tsaya.

Ga kuma misalin da ya haɗa abin da Malama Mai Zane da Malama Mai Tsara Baje Koli suke nema. A Johannasbag ta Afirka ta Kudu akwai Artist Proof Studio, wanda Kim Berman da Nhlanhla Xaba suka kafa a 1991. Wurin koyar da bugu ne ga matasa, kuma sanannun masu zane, ciki har da William Kentridge, suna yin aiki da mabugansa, cinikin ya taimaka wajen ɗaukar nauyin karatun ɗalibai. Mai suna ya san ainihin inda kuɗin aikinsa ke tafiya, matashi kuma yana koyon sana'a a kan aikin babba. Idan za ku tuntuɓi wani babban mai zane, Malam Ma'aji, ku gaya masa takamaiman abin da kwafinsa zai biya.

Malama Mai Zane:
Ƙari ɗaya. Idan mai zanen yana da dillalin da ke wakiltarsa, ku sanar da dillalin tun da wuri, ku daidaita farashi da shi, domin kwafin da aka karyar da farashinsa yana iya taɓa darajar sauran ayyukan mutum. Kuma a rubuta abin da za a yi da kwantai: bayan shekara nawa, wa ke da su, kuma an yarda a rage musu farashi ko ba a yarda ba. Ni ban yarda a yi wa aikina gwanjon rage kaya ba tare da an tambaye ni ba.

Ma'ajin Zaure:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Abin da zan gabatar wa kwamiti shi ne mu fara da aiki biyu kacal a shekarar farko, ɗaya ƙidayayye ɗaya kuma fasta mai araha, mu nemi wanda zai ɗauki kuɗin bugun farko don kada mu taɓa kuɗin haya, kuma kada mu sa ko kwabo na wannan ciniki a kasafin shekara sai ya shigo hannu. Zan rubuta daftarin yarjejeniya bisa sharuɗɗan da Malama ta lissafa. Malam Mai Bugu, ga wanda bai taɓa yin bugu ba, wata nawa ya kamata mu ware daga ranar da ya amince zuwa ranar sa hannu?

Mai Bugu:
Ya danganta da hanyar bugun da yawan launuka, amma ga sabon hannu kada ku ware ƙasa da wata huɗu, kuma mafi yawansa a gwaji zai tafi, ba a bugun ba. Ku fara kawo shi maɗaba'a ya yini yana kallon yadda ake aiki kafin ya zana komai, sannan kada ku sanar da ranar fitowa ga masu saye sai ya sa hannu a kan B.A.T.